Abin da Nélida Ta Faɗa Daga Ƙetaren Kogi

Ranar Laraba labarin ya iske mu, ina tsakar gida ina tsince dankalin iri. Ƙanena Eleuterio ne ya faɗo gidan da waya a hannu, ko injin motarsa bai kashe ba.

"Yaya Casilda, sun kulle makarantar su Nélida. Wai mai dafa musu abinci ta kamu da korona. Kwana goma sha huɗu, ba shiga ba fita."

Na ce, "To yaran fa?"

"Suna ciki mana! Abin da nake gaya miki ke nan. Sun rufe su tare da cutar kamar awaki a garke. Ɗauko mayafinki mu tafi."

Nélida 'yarsa ce, shekararta goma sha uku a lokacin. Kurma aka haife ta. Uwarta ta rasu tana da shekara biyu, ni na goya ta tare da nawa 'ya'yan. A gida muna da 'yan alamun da muke yi mata da hannu, ci, zo, bari, tafi kiwo. Duka ba su kai ashirin ba. Da ta shekara bakwai fadan cocinmu ya matsa mana muka kai ta makarantar kwana ta kurame da ke can ƙasan kwari, tafiyar awa uku a mota daga ƙauyenmu. In ta zo hutu sai ta yi aikin da aka nuna mata, ta koma gefen murhu ta zauna. Wani lokaci mukan ga tana motsa yatsu ita kaɗai, mu ɗauka wasa take yi.

Eleuterio yana son 'yarsa, wannan ba a magana. Duk zuwansa birnin Sucre sai ya sayo mata takalmi ko lemo. Amma mutum ne mai baki, direban babbar mota, wanda in yana ciniki a wannan ƙarshen kasuwa ana jinsa a wancan. Bai san yadda zai yi da yarinyar da ba ta jinsa ba. Sai dai ya shafa kanta ya wuce.

Mun isa da azahar, muka tarar da iyaye kusan talatin a bakin ƙofar makarantar. Wasu tun asuba suka taso a ƙafa. Kowa a firgice yake, domin a shekarar nan ba ƙauyen da ba a ɗauki wani aka kai asibiti ba, daga baya sai a aiko wa danginsa cewa an binne shi, ko gawar ba su gani ba. Ta cikin ƙarafunan ƙofar muna hango Malama Zenobia, shugabar makarantar, 'yar gajeriyar mace mai furfura, da takunkumi biyu a fuskarta. Ta tsaya nesa da mu tana bayani.

"Doña Hilaria mai dafa abinci tana asibiti. Da hannunta ta zuba wa kowane yaro abinci har ran Litinin, ba mu san wanda ya ɗauka ba. Doka ta ce a killace mu kwana goma sha huɗu. Ni ma ina ciki, da malamai biyu. Ba inda za mu je mu bar su."

Eleuterio ya ture mutane ya isa gaba. "Malama, ba dogon bayani na zo ji ba. Buɗe ki ba ni 'yata."

"Ba zan buɗe ba, Don Eleuterio."

"Ke kika haifa mini ita?"

"A'a. Amma yau ni ke riƙe da mabuɗi."

Wasu suka goya masa baya da ihu. Wata mata mai jiki, da malafa baƙa, ta juyo ta fuskance su. Ita ce Doña Fortunata, mai sayar da kunun jan masara a tasha, 'ya'yanta mata biyu suna ciki. Doña laƙabin girmama mace ne a wajenmu, Don kuma na namiji.

Ta ce, "Ku tsaya. Ni ma zuciyata tana cikin gidan nan. Amma in na ɗauke su yau, ɗaki ɗaya za su kwana da babana, shekararsa tamanin da uku. Wa zan binne kuma?"

"Ke dai a bar miki naki," in ji Eleuterio. "Ni tawa nake so."

Ya koma mota ya jawo sarƙar da yake ciro motoci da ita daga taɓo, ya ɗaura a jikin ƙofar. Na riƙe rigarsa, ya fizge. Malama Zenobia ta shiga ɗakin gadi ta ɗauko kujera, ta ajiye dab da ƙofar daga ciki, ta zauna ta harɗe hannu.

"Ja, Don Eleuterio. A kaina za ta faɗo, amma ja. Kafin nan dai ka gaya mini, mahaifiyarku tana nan da tarin nan nata?"

Ya tsaya da ƙarshen sarƙar a hannu. Mamanmu kuwa tun damina biyu da suka wuce ƙirjinta ke damunta. Ya yi ta zage-zage, ya zagi gwamnati, ya zagi cutar, ya zagi wanda ya fara kawo ta, amma bai hau motar ba. Can sai ga 'yan sanda biyu, suka ce ba a yarda a taru a bakin ƙofa ba. Wanda ya ga ba zai iya tafiya gida ba, ya ƙetare gada ya zauna a wancan gefen kogi.

Haka muka koma can. Bayan makarantar yana kan tudu ne, da wani dandamali na siminti inda yara ke shanya kaya, yana kallon kogi. Mu kuma muna wannan gefen a kan tsakuwa, ƙarƙashin itatuwan turare. Lokacin ruwa ne, kogin ya cika yana ruri, ko na kusa da kai sai ka ɗaga murya. Muka kafa tamfol a jikin motar Eleuterio, muka jera duwatsun murhu. Iyalai goma sha biyu ne suka zauna, sauran suna zuwa suna komawa.

Da la'asar malamai suka fito da yaran kan dandamali. Nan take iyaye suka ɗauki kiran sunaye. "Wilber! Marisela! Nélida!" Har da ni. Doña Fortunata ta kalle mu ta ƙyalƙyale da dariya.

"Ku ƙara ɗaga murya, wataƙila yau Allah Ya buɗe musu kunne."

Ta hau wani dutse ta ɗaga hannuwanta sama, ta shiga jujjuya su. Daga can 'yan mata biyu suka yi tsalle suka amsa mata. Ashe ita shekara shida tana zuwa makarantar duk Asabar ana koya mata maganar hannu. Cikinmu duka mutum huɗu ne suka san wani abu, ita kaɗai ta iya sosai. Sauranmu sai ɗaga hannu kawai muke yi kamar masu bankwana. Na hango Nélida a can baya, ta ɗago mana hannu sau ɗaya.

Kwana biyar suka wuce a haka. Mu dafa miyar gyaɗa da dankali da dafaffiyar masara, maza biyu su ɗauka su ƙetare gada su ajiye a kan tebur a bakin ƙofa, su ja da baya, wani malami ya fito ya shigar. Eleuterio kuwa ya samo hanyar huce haushinsa. Kowace safiya sai ya hau mota ya danna oda ya ƙi saki, wai don su san bai yafe ba.

Rana ta shida yaran suka fito tun rana ba ta ɗaga ba, kuma ba babba ko ɗaya tare da su. Ba su yi tsalle-tsallen da suka saba ba. Suka jeru layi uku, ƙanana a gaba. Yara maza biyu suka jawo benci. Sai muka ga Nélida ta hau kai, ta naɗe hannun rigarta, ta nuna Doña Fortunata da yatsa.

"Da ni take," in ji Doña Fortunata. "Ku yi shiru, zan faɗa muku yadda ta faɗa."

Hannuwan yarinyar suka fara tafiya, Doña Fortunata tana bi da murya.

"Ta ce barkanku da kwana. Ta ce malamai duka uku suna kwance. Biyu zazzaɓi ne kawai, suna shan ruwa. Malama Zenobia ce jikinta ya yi tsanani. Wayarta ba ta samun sabis sai an hau tankin ruwa, kuma ko mun hau ba mu iya magana a cikinta, ta ce, shi ya sa muka fito gare ku. Ta ce kada ku tsorata. Mu arba'in da ɗaya ne. Bakwai suna da zazzaɓi, mun kai su ajin ɗinki mun buɗe tagogi, manyan cikinmu uku ne kaɗai ke shiga wurinsu, da takunkumi. Yanzu zan faɗa muku kowa da kowa."

Ta shiga kiransu ɗaya bayan ɗaya. Wanda ta kira sai ya fito gaba ya ɗaga hannu. Wane ya ci ya ƙoshi. Wance ta yi kuka jiya tana son kakarta, yau ta daina. Wilber ya faɗi ya goge gwiwa, an wanke. Na ajin ɗinki kuma ta faɗi zafin jikin kowane, na jiya da na yau, ba takarda a hannunta. Duk uwar da aka ambaci ɗanta sai ka ji ta sauke ajiyar zuciya. Wani dattijo da bai taɓa magana ba tun zuwanmu ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da malafarsa.

Ni dai na kasa ɗauke ido daga kanta. Yarinyar da na yi wa wanka, na yi wa kitso shekara goma sha ɗaya, ban taɓa ganin fuskarta tana aiki haka ba. Girarta na hawa na sauka, kumatunta na cika na motsewa, kafaɗunta ma magana suke yi. Sauran yaran sun zuba mata ido, in ta juya ta yi wa wani alama sai ya ruga ya aikata.

Doña Fortunata ta ci gaba. "Ta ce muna buƙatar sabulu da gishiri da maganin zazzaɓi. Miyar jiya ta yi daɗi amma barkono ya yi wa ƙanana yawa. Sannan ta ce..." Sai ta tsaya, ta toshe baki da hannu.

"Ta ce me?" in ji Eleuterio.

"Ta ce a gaya wa babana ya daina danna odar nan. Mu ba ma ji, sai dai gilashin taga ya yi ta rawa. Malaman da ke kwance, su da ke ji, su yake hana barci."

Wuri ya kaure da dariya. Wani ya ce, "Doña, yaya ake cewa babana ɗin? Na ga wani abu da ta yi." Doña Fortunata ta nuna musu. Hannu biyu riƙe da sitiyari, baki a wangame.

"Sunansa ke nan a wurinsu. Duk makarantar sun san shi da haka."

Na ɗauka Eleuterio zai yi faɗa. Ko motsi bai yi ba. Bakinsa a buɗe yake, kamar yadda aka kwatanta shi, yana kallon ƙetare. Da ya yi magana, muryar ƙasa-ƙasa ta fito, ban taɓa jinta haka ba.

"Doña Fortunata, tsakaninki da Allah, duk wannan ita ke faɗa? Ba ƙari kike yi ba?"

"Ƙari? Ragewa ma nake yi. Ta fi ni sauri."

"Tun yaushe ta iya?"

"Tun tana shekara takwas take ba su labari su yi ta birgima don dariya. 'Ya'yana kullum zancenta suke kawo mini."

Nélida ta buga ƙafa a kan benci don a dawo da hankali gare ta. Fuskarta ta sauya. Ta ce leɓɓan Malama Zenobia sun fara yin shuɗi. Ta zauna kusa da ita da agogo ta ƙirga numfashinta, talatin da huɗu a minti ɗaya, an kuwa koya musu cewa hakan ya yi yawa. A nemo nas yau, ba gobe ba.

Nas ɗaya ce a yankin, Leocadia, ƙauyuka goma sha ɗaya take zagayawa da babur. Aka hau tudu aka same ta a waya, kafin azahar ta iso. Ta sa rigar leda ta shiga, bayan ɗan lokaci ta fito kan dandamali ta rubuta a allo da manyan baƙaƙe cewa sai an samo tukunyar iskar oksijin, kuma a kusa babu, sai Sucre. Ba ta gama ɗaga allon ba Eleuterio ya yaye tamfol daga jikin mota, ya kama hanya. Fadan cocinmu ya yi waya ya samo inda za a ba shi. Hanyar kuwa ruwa ya cinye ta a wuri biyu. Washegari da hantsi ya dawo, taɓo har gwiwa, idanu jawur, da tukwane biyu ɗaure da bargo a bayan mota. Shi da kansa ya mirgina su har bakin ƙofar da ya so ya ɓalle. Nas Leocadia ba ta sake fitowa ba sai da aka gama, ta zauna tare da su.

Da Eleuterio ya yi barci ya tashi, sai ya je ya tsuguna gaban Doña Fortunata tana dama kunu.

"Doña, koya mini."

"Da waɗannan yatsun naka masu kama da rogo?"

"Su Allah Ya ba ni."

Kwana uku suna fama. Ta lanƙwasa masa yatsa ya miƙe, ta buge hannun da ludayi. Mu ma muka shiga, har muka zama aji guda a kan tsakuwa. Rana ta goma ya ce ya shirya. Ya hau dutsen, ya cire hula, ya nuna Nélida, ya yi abin da ya haddace. Nufinsa ya ce 'yata, ina kewarki. Yaran suka tsaya cak, sannan suka zube. Wasu suna riƙe ciki, wasu suna dukan siminti. Nélida ta durƙusa don dariya.

"Me na ce?"

Doña Fortunata tana share hawaye ta ce, "Cewa ka yi jakarka tana jin yunwa."

Nélida ta miƙe, ta yi masa alamar a hankali yadda ya kamata. Ya maimaita. Ta girgiza kai ta sake. A karo na huɗu ta gyaɗa kai, ta ɗora hannu a ƙirjinta ta mayar masa.

Rana ta goma sha uku labari biyu suka zo tare. Na farko, an sami sabon yaro da zazzaɓi, don haka an ƙara kwana bakwai. Wasu iyaye suka harzuƙa, wani ya ce wa Eleuterio ya ɗauko sarƙarsa. Ya ce masa, "Je ka tambayi 'yata. In ta ce a ja, na ja." Ba wanda ya sake tayar da zancen. Na biyu kuma, Doña Hilaria mai dafa abinci ta rasu a asibiti. Shekara ashirin da biyu tana ciyar da yaran makarantar nan. An binne ta ba tare da kowa nata ya halarta ba.

Da yamma, rana ta kusa faɗawa bayan dutse, yaran suka fito duka, har da waɗanda suka fara warkewa, lulluɓe da barguna. Aka fito da Malama Zenobia a kujera, robar iska a hancinta. Suka ajiye babbar tukunyar Doña Hilaria a tsakiya, suka zuba furannin daji a ciki. Nélida ta tsaya a gaba ta ɗaga hannu, sai hannuwa tamanin da biyu suka tashi tare.

Addu'ar da muke yi wa mamaci ce. Na gane ta ba tare da an fassara mini ba. Hannuwan su hau sama tare, su buɗe, su sauko kan ƙirji, su sake tashi, ba wanda ya riga wani, har ɗan ƙaramin cikinsu mai shekara shida. Hasken yamma ya bugi tafukansu suka yi ja. Ba ka jin komai sai kogi. Na halarci jana'iza da yawa a rayuwata, da kaɗe-kaɗe da ƙararrawa da masu kuka, amma ban taɓa jin tsigar jikina ta tashi kamar ranar ba. Wani ya ce Doña Fortunata ta faɗa mana abin da suke cewa. Ta girgiza kai. Maza suka cire huluna. Eleuterio ya durƙusa a kan tsakuwa, bai tashi ba sai da yaran suka shige.

A rana ta ashirin da ɗaya aka buɗe ƙofa. Ba yaro ko ɗaya da aka rasa. Malama Zenobia ta rame ƙwarai, tana dogara sanda, amma ita ta juya mabuɗin. Aka ba yara hutun mako biyu. Nélida ta fito da ƙullin kayanta, na rungume ta, na ji ta fi ni tsawo, ban san lokacin da hakan ya faru ba.

A hanyar gida ta zauna a gaba tsakanina da babanta. Ba mu yi nisa ba ta taɓa kafaɗarsa, ta nuna wani dogon dutse mai kai biyu, ta yi alamar tambaya. Sunansa take so. Shekara shida tana wuce dutsen nan, ba wanda ya taɓa gaya mata. Eleuterio ya taka birki, ya sauka, ya rubuta sunan da yatsa a ƙurar ƙofar mota. Ta karanta, ta gyaɗa kai, sannan ta nuna masa sunan da ita ta sa masa tun tana ƙarama, kunnuwan zomo. Muka ƙara gaba kaɗan ta tambayi sunan rafi. Daga nan sai ƙauyen da ke da jan coci, sai mai gonar da ke da farin doki, sai dalilin da ya sa aka kafa gicciye a wata kwana. Kowane sai ya tsaya ya sauka. Ƙofa ɗaya ta cika da rubutu, ya koma ɗayar.

Tafiyar awa uku sai da ta ci mana shida. Mun tarar da Mama zaune a bakin ƙofa da sandarta, ta ɗumama miya har sau biyu, tana tambayar ko mota ce ta lalace. Eleuterio ya ce mata lafiya lau motar take. Ya ɗauko kujera ya ajiye wa Nélida kusa da tasa, ya ce in zuba musu abinci tare.